Ranar da Muka Kai Meinrad Yawon Tsohon Gari

Shekara biyu da wata uku ke nan Meinrad yana gidan kula da tsofaffi da ke can saman gari, kuma ya kai shekara guda rabon da ya kira sunana. Ni ce matarsa, Ottilia, amma tun muna saurayi da budurwa Tili yake ce mini. Shekararmu arba'in da takwas da aure. Ciwon mantuwa ne ya kama shi. Da farko inda ya ajiye tabarau yake mantawa, ko ya bar murhu a kunne. Daga baya ya manta hanyar gida, ya manta sunan 'yarmu Regula, ni ce ta ƙarshe.

Kullum ƙarfe biyu nake shiga bas in je wurinsa. Da na shiga sai ya miƙe ya gyara mini kujera, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah." Wannan ladabin shi ya fi komai ci mini rai. Meinrad ɗin da na aura ba ya miƙe wa kowa. In na dawo daga kasuwa ko ɗago kai ba ya yi daga jarida, sai dai ya ce, "Kin daɗe," ya miƙo hannu yana laluben jakar ko akwai cuku.

Shawarar fita da shi ta Wisi ce. Alois Bühlmann sunansa, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai ranar aurensa. Shekara talatin da ɗaya suka yi tare da Meinrad a kan dandamalin katako, suna gyaran zane-zanen da ke jikin bangayen tsofaffin gidajen Luzern. Meinrad ne babba a aikin, shi ya sa har yau Wisi maigida yake ce masa, ko da yake shekara biyu ce kawai tsakaninsu.

Wata Lahadi muna fitowa daga gidan tsofaffin ya ce mini, "Tili, mutumin nan bango ya sani. Ko lokacin da yake da lafiyarsa ya fi gane bango a kan mutane. Mu kai shi ya ga bangayensa mana."

Na ce, "Likita ta ce hayaniya tana rikita shi."

"Likitar ta taɓa hawa dandamali da shi? Mutumin da ya yi shekara talatin yana jin surutuna bai rikice ba, 'yan yawon buɗe ido ne za su rikita shi?"

"Wa ya sani ko surutun naka ne ya kai shi inda yake."

Ya yi dariya har yana tari. Ni kuwa na tafi gida da maganar a raina, na yi kwana uku ina juya ta. Tsoro nake ji, amma ba tsoron ya rikice ba. Tsorona shi ne ya tsaya gaban aikin hannunsa ya kalle shi kamar yadda yake kallona.

Ranar Alhamis ta farkon Oktoba muka ɗauko shi bayan abincin rana. Gari ya yi fes, an ɗan yi sanyi, kan dutsen Pilatus har ya fara fari da ƙanƙara. Na sa masa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa da hularsa, na ba shi sandarsa. Wisi ya ajiye motar kusa da tashar jirgin ƙasa. Da muka fito Meinrad ya dubi tafkin da garin yake bakinsa, ya dubi hasumiyoyin da ke jere a kan ganuwa can sama, sannan ya juyo gare ni.

"Ke ce za ki zagaya da mu?"

Na ce, "Ni ce."

"To madalla. Amma kada ki yi mana sauri. Masu zagayawa da mutane sun cika sauri."

Ban taɓa zagayawa da kowa ba a rayuwata, ɗinki na yi har na ajiye aiki. Duk abin da na sani game da garin nan daga bakinsa na ji shi, a tafiye-tafiyen yammacin Lahadi da yake jana ina ƙorafin ƙafa. Don haka da muka shiga tsohuwar gadar katako mai rufi da ta ratsa kogi sai na shiga mayar masa da maganganunsa. Na ce masa hasumiyar da ke tsaye cikin ruwa ta girmi gadar. Na ce ya lura bangon gadar na ɓangaren tafki ya fi tsawo, don ta nan ake tsoron abokan gaba su ɓullo. Na ce masa zanen da ke ƙarƙashin rufin ba a kallonsa a tsaye cak, sai ana tafiya a hankali, kai a ɗage.

Ya tsaya ya dube ni da kyau. "Wa ya koya miki wannan?"

"Mijina."

"Ya san abin da yake yi. Yana nan da rai?"

"Yana nan."

"Ki gaishe shi."

Na ce zai ji. Wisi ya juya yana kallon fararen agwagin ruwan nan masu dogon wuya, kamar yau ya fara ganinsu.

Gadar cike take da baƙi, kowa da wayarsa a sama. Meinrad bai damu da su ba. Wajen tsakiya ya ɗora tafin hannunsa a kan wani ginshiƙi, ya shafa, ya kai hanci ya sansana.

"Wannan katakon yaro ne," ya ce. "Ba na gadar nan ba ne."

Gaskiya ya faɗa. A watan Agusta na 1993 gadar ta ƙone, kuma washegari da safe ni da shi muka tsaya a bakin kogi cikin taron jama'a muna kallon gawayi yana hayaƙi. Ranar ya yi kuka a gaban mutane, bai ko share fuska ba. Ban gaya masa wannan ba. Na riga na koyi darasi: duk mugun labarin da ka ba shi sabo ne a wurinsa, sai ya sake jin zafinsa daga farko. Sau uku na gaya masa rasuwar ƙanensa kafin na gane.

Amma da muka ƙara gaba ya ɗaga kai ya ga allunan da aka bari a ƙone, baƙi ƙirin, babu ko alamar zane. Fuskarsa ta sauya.

"Wa ya yi wannan?"

Wisi ya yi wuf ya ce, "Hayaƙi ne kawai, maigida. Za a gyara."

"A ba mu aikin."

"Ai an ba mu. Litinin za mu fara."

Meinrad ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Ni da wa? Kai da ko layi ba ka iya ja a miƙe ba?"

Wisi ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kin ji ko? Sunana ya manta, amma laifina yana nan daram." Yana dariya, idonsa kuwa ya kawo ruwa. Na ji daɗi dominsa, kuma a lokaci guda na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Ni ma ina da laifuffukan da zai iya tunawa.

Muka sauka daga gadar muka shiga lungunan tsohon gari. Tafiya a kan duwatsun nan da wuya ga mai sanda, don haka muna yi muna tsayawa. Wisi ya sayo mana maroni mai zafi a ƙunshin takarda, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo da ake gasawa a bakin titi lokacin sanyi. Meinrad ya ɓare ɗaya, ya hura, ya miƙo mini kafin ya ci nasa. Na karɓa na yi godiya. A gaban kowane gida mai zane sai ya tsaya ya ɗaga kai, wani ya gyaɗa kai, wani ya yi tsaki. Akwai wanda shi da Wisi suka yi rani biyu a jikinsa, ya wuce shi ko waiwaye bai yi ba. Abin da nake tsoro ke nan. Na ce wa Wisi ko mu koma mota, ya ce in bari mu ƙarasa dandalin Weinmarkt tukuna, ko ba komai akwai wurin zama.

Ba a dandalin ya tsaya ba. A kusurwar wani lungu da ke fita daga cikinsa akwai wani siririn gida mai hawa huɗu, a jikinsa an zana mace sanye da doguwar riga shuɗiya, tana rungume da damin alkama. Na wuce gidan nan ya fi sau dubu. Meinrad ya ja baya har ya jingina da bangon da ke fuskantarsa, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo.

"Ƙasan rigar nan," ya ce, yana nunawa da sanda. "Kun gani? Daga gwiwa zuwa ƙasa. Wanda ya yi shi sauri yake yi."

Wisi ya duba. "Ni ban ga komai ba."

"Yaushe ka taɓa ganin wani abu? Dubi sama yadda ninkin rigar ya kwanta. Dubi ƙasa, shafe kawai aka yi." Sai wani ɗan murmushi ya ɓullo masa a gefen baki, wanda na daɗe ban gani ba. "Ni ne."

Na ce, "Kai ka yi?"

"Ni ne mana. Asabar ce. Ubangidana ya ce ba zan sauko ba sai na gama rigar, don yaɓen ɗanye ne, in ya bushe an yi asara. Ni kuma akwai wata yarinya da ke zuwa daga ƙauyen Gersau a jirgin ruwa na ƙarfe huɗu. Sau ɗaya a mako take zuwa, kuma jirgin ƙarfe bakwai take komawa. Awa uku ke nan. In na ba rigar nan awa ɗaya, saura nawa?" Ya juyo yana tambayata da gaske.

"Biyu," na ce.

"To kin gani. Sai na ɗauki babban buroshi." Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ran Litinin tsohon ya tsaya daidai inda nake tsaye ɗin nan, ya kira ni da sunan gidanmu, ya ce, Amrein, yarinyar tana da kyau dai ko? Na ce tana da shi. Ya ce to Allah ya sa ta kai darajar rigar nan, don duk wanda ya san aiki zai gani har shekara ɗari."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Wisi ma haka, don a lokacin bai fara aiki da shi ba. Amma na tuna Asabar ɗin. Kakar 1969 ce. Na sauko daga jirgi na same shi yana haki, da shuɗin fenti a farcensa da bayan kunnensa, ya riƙe mini hannu ya ɓata mini hannun sabon kwat ɗina mai ruwan ɗorawa. Na yi masa faɗa tun daga tasha har bakin gada. Rabin awa cur na ɓata a kan hannun kwat.

Agogon hasumiya ya buga uku da rabi. Meinrad ya ɗaga kai ya saurara, sai murmushin ya ɓace. Ya shiga laluben aljihunsa.

"Ƙarfe nawa ke nan?"

"Uku da rabi, maigida."

"To ni zan bar ku a nan. Ki yi haƙuri, baiwar Allah, kin yi ƙoƙari, amma ina da alkawari a tashar jirgin ruwa." Ya juya ya kama hanya da wani irin sauri da ban san yana da sauransa ba.

Muka bi shi. Bai tambayi kowa hanya ba, mutumin da a gidan tsofaffi sai an raka shi ɗakin cin abinci. Ya ratsa lungu biyu, ya fito bakin kogi, ya hau babbar gadar motoci, mu biyu muna take masa baya, Wisi yana ta mita cewa gwiwarsa ba ta shirya tsere ba. Huɗu saura minti goma muka isa. Meinrad ya zauna a kan benci mai kallon ruwa, ya cire hula ya gyara gashinsa da yatsu, ya mayar. Na zauna a gefensa, Wisi ya zauna a ɗaya gefen yana mayar da numfashi.

"Ba sai kun jira ni ba," in ji Meinrad.

Na ce, "Mu ma hutawa za mu yi. Yaya take, yarinyar? Ko zan taya ka dubawa."

Ya ɗan yi tunani. "Ba wata kyakkyawa ba ce can. Hancin ya ɗan yi tsawo."

Wisi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Na miƙa ƙafa ta gaban Meinrad na taka wa Wisi takalmi.

"Amma in ta sauko daga jirgi," Meinrad ya ci gaba, "ba ta dube-dube kamar sauran mutane. Ɗaga jakarta take yi sama, tun ba ta gan ni ba. Ta san ina nan."

"Masifaffiya ce?" in ji Wisi.

"Sosai ma."

"Ai na ga alama."

"Ina ka san ta?"

"Labari na ji, maigida."

Na ce, "Aurenta za ka yi?"

Idonsa na kan tafkin, can inda ruwan ya lanƙwasa ya shige tsakanin duwatsu. "In ta yarda. Babanta ya ce fenti ba sana'a ba ce, amma wannan bai dame ni ba. Ita ce. Tana son ƙauyensu. Ta ce garin nan ba komai sai dutse da ƙararrawa. A can gidansu ruwa har gindin katanga yake zuwa, akwai itacen ɓaure a tsakar gida. Ni ɗaki ɗaya gare ni a hawa na biyar, tagarsa bangon maƙwabci take kallo." Ya juya sandarsa tsakanin tafukansa. "In na kawo ta nan ta yi ta kewa fa? Ba ta faɗa, irinsu ba sa faɗa. Sai dai ta yi ta faɗa a kan wani abu daban."

Na yi kewar Gersau kuwa, shekara da shekaru. Akwai ranakun da nakan zo wannan tashar da Regula a keken jarirai in tsaya ina kallon jirgi yana tashi, in koma gida in tayar da rigima a kan takalmansa da ya bari a ƙofa. Ban taɓa gaya masa ba, kuma na ɗauka bai sani ba.

Na ce, "Za ta saba."

"Kina gani?"

"Za ta saba. Har ta zo ta fi ka son garin."

Ya girgiza kai alamar bai yarda ba, amma ya ce, "Allah ya sa."

Can jirgin ya yi kuka. Farin jirgin nan ne mai tururi, yana tahowa a hankali, tutarsa tana kaɗawa. Meinrad ya miƙe tsaye, ya matsa bakin shingen ƙarfe. Wisi ya zamo kan bencin zuwa kusa da ni.

"Tashi ki je," ya ce a hankali.

"In je ina?"

"Ki zagaya ta bayan rumfar tikiti. In mutane sun fara saukowa ki shiga cikinsu."

"Haba Wisi. Da tsufana zan yi wasan yara?"

"To ki zauna ki kalle shi yana jira har kowa ya watse. Sannan ke za ki gaya masa ba ta zo ba, ba ni ba."

Na dubi bayan Meinrad. Ya ɗan rankwafa, hannu ɗaya a kan shinge, yana ɗaga ƙafa kamar mai son ya hango saman kawunan mutane. Na tashi.

A bayan rumfar tikiti na cire hulata ta ulu na cusa a aljihu, na cire tabarau. Ina jin ƙarar jirgin yana gogar katakon tasha, ina jin ma'aikata suna jefa igiya. Na ce a raina, Ottilia, shekararki saba'in da uku, gashinki fari fat, wa za ki ruɗa? Mutane suka fara fitowa, masu jakar goyo, masu keke, wata ƙungiyar tsofaffin mata masu sandunan hawan dutse. Na bari rabinsu suka wuce, sannan na shiga tsakiya. Ba tabarau, don haka ban ga fuskarsa ba, kwat mai ruwan ƙasa kawai nake hangowa dishi-dishi. Na ɗaga jakata sama.

Da na matso na ga ya cire hula. Ya tako zuwa gare ni, ya manta sandar a jikin shinge.

"Tili," ya ce. "Kin makara."

"Jirgin ne ya makara."

"Kullum jirgin ne." Ya kama hannuna biyu. Ya daɗe yana kallon fuskata, goshinsa ya ɗan tattare. Ya kai hannu ya taɓa gashina. "Me ya sami kanki?"

"Tsufa."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ban san a wace shekara yake ba a lokacin, kuma ban tambaya ba. Ya saƙala hannuna a nasa yadda ya saba, ya matse shi a jikin haƙarƙarinsa, muka fara tafiya a bakin ruwa. Wisi ya ɗauki sandar ya biyo mu daga nesa.

Ya tambaye ni ko akwai iska a kan tafki, na ce kaɗan. Ya tambaya ko na ci abinci, na ce na ci. Ya ce hannuna ya yi sanyi, me ya sa ba na jin magana in sa safar hannu. Na ce shi ma ai bai sa ba. Ya ce shi namiji ne, na ce to namijin ya ɗaure wuyan kwat ɗinsa. Ya tsaya na ɗaure masa maɓallin sama, ya ɗaga haɓa yadda yake yi kullum, yana kallon sama yana jira in gama. Ya nuna mini hasumiyoyin coci guda biyu a tsallaken ruwa, ya ce in dubi yadda rana ta kama tsininsu, ya ce wannan hasken minti biyar kawai yake yi. Muka tsaya muka kalla har ya gushe.

Duka-duka bai wuce minti goma ba. Babu wani abin da ya faru, ba a yi ƙara ba, ba wanda ya bangaje mu. Muna gab da tsallaka filin da ke gaban tashar jirgin ƙasa na ji hannunsa ya saki. Ya dubi hannuna a cikin nasa, ya dube ni, ya zare a hankali.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce. "Na riƙe miki hannu."

Na ce, "Ba komai. Hanyar ce ba kyau."

Wisi ya iso ya ba shi sandarsa. Meinrad ya yi barci tun kafin mu fita daga gari, kansa jingine da gilashi. Da muka isa, nas ɗin da ke bakin aiki ta tambaye shi yaya yawo. Ya ce garin yana da kyau, amma mutane sun yi yawa, kuma matar nan ta san aikinta. Ya ba ni hannu muka gaisa, ya bi nas ɗin ciki.

Wisi ya ajiye ni a ƙofar gida. Kafin in fita ya ce, "Hancin dai ya faɗi gaskiya." Na ce ya tafi ya ba ni wuri. Ya riƙe sitiyari bai tayar da motar ba, ni ma ban buɗe ƙofa ba, muka ɗan zauna haka.

Sai da na hau sama, na cire takalmi, na ɗora ruwan shayi, sannan abin ya faɗo mini. Shekara guda ina tara maganganun da zan gaya masa in ya dawo ko da na minti ɗaya ne. Regula ta haihu a watan Maris, namiji, kuma goshinsa ne sak. Na bar ɗakin aikinsa yadda yake, ban ba kowa buroshinsa ba. Ranar da na kai shi gidan tsofaffi na ce masa kwana biyu kawai zai yi, ƙarya na yi masa, kuma ina so ya yafe mini. Ya dawo na minti goma, ni kuwa na tsaya ina maganar iska da safar hannu.

Na gaya wa Regula haka a waya. Ta ce, "Mama, da me kuke hira dama tsawon shekarun nan?" Na ce ban sani ba, irin wannan dai.

Mako na gaba muka sake kai shi. Na zagaya bayan rumfar tikiti, na shiga cikin mutane, na ɗaga jaka. Yana zaune a benci yana ɓare maroni, ko ɗagowa bai yi ba. Da na iso ya matsa ya ba ni wuri. A watan Nuwamba ƙafarsa ta hagu ta kumbura, likita ta hana shi doguwar tafiya, jiragen tururi kuma aka ajiye su sai bazara. Na kai masa hoton jaririn, ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya ce yaron wane ne. Na ce jikana ne. Ya ce Allah ya raya shi, ya tambaya ko zai iya ajiye hoton. Yana nan a kan teburinsa, jingine da kofin ruwa.